Me Ya Sa Gam Ke Daskarewa a Gwangwani? Yadda Bawul Ke Aiki da Hanyoyin Tsawaita Kwanansa

Masu gyaran waya, kafintoci, masu haɗa tagogin alminiyam da masu saka na'urar sanyaya ɗaki duk sun san wannan asarar. A sayi gam ko silikon ko gwangwanin kumfa da tsada, a yi aiki da kaɗan daga ciki, a ajiye sauran, bayan 'yan makonni a ɗauko a tarar ya daskare ko bakinsa ya toshe. Sau da yawa ma abin da ke cikin gwangwanin lafiyarsa ƙalau, ana jin motsinsa idan an girgiza, amma babu hanyar da zai fito.

Laifin ba kasafai yake zama na kamfani ba. Kowane irin gam yana da abin da ke sa shi ya kama, kuma wannan abin ne dai yake kashe shi a wurin ajiya. Wanda ya san abin da ke daskarar da gam ɗinsa ya san abin da zai tare a bakin mazubin.

Ba kowane gam ne ke bushewa ba

A bakin mutane duk gam "bushewa" yake yi, amma a kimiyyance hanyoyin sun bambanta.

Kashi na farko shi ne gam mai ruwan sinadari da ke tashi a iska, kamar gam ɗin masu takalma da wanda ake fesawa a soso da kujeru. Wannan shi ne mai bushewa na gaskiya: ruwan ya tashi, danƙon ya rage. Idan murfinsa bai rufu sosai ba, ruwan zai riƙa sulalewa har gam ɗin ya yi kauri.

Kashi na biyu danshi ne ke daskarar da shi. A nan supa gulu yake, wanda Harry Coover da abokan aikinsa suka ci karo da sinadarinsa a Amurka a 1942, aka fara sayar da shi a 1958 da sunan Eastman 910. Ɗan danshin da ke jikin abu ko a fatar yatsa ya isa ya sa ya kama cikin daƙiƙoƙi. Silikon ma haka yake. Yana jan danshin iska, ya fara daskarewa daga waje zuwa ciki, kimanin milimita 2 zuwa 3 a kwana ɗaya. Kumfar cike rami da ake sayarwa a gwangwani ita ma danshi take jira. Tana cikin dangin sinadarin foliyuretan da Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937.

Kashi na uku ya saɓa wa sauran. Gam ɗin da ake ɗiga wa noti don kada ya kwance, irin wanda Loctite ya yi suna a kansa, rashin iska ne ke daskarar da shi idan ya haɗu da ƙarfe. Shi ya sa kwalbarsa take zuwa ba a cike ba, kuma ake yin ta da robar da iska ke iya ratsawa. Ba ha'inci ba ne, iskar ce ke raya shi. Duk wanda ya juye shi a kwalbar gilashi ya cika ta fal ya toshe, ya jawo masa lalacewa da hannunsa.

Abin da bawul ke yi a gwangwani mai matsin iska

Matsalar bututun gam na yau da kullum ita ce, da zarar an matsa an saki, yakan zuƙi iska ta koma ciki tare da danshinta. Gwangwani mai matsin iska ya kauce wa wannan. Matsin da ke cikinsa ya ninka na iskar waje, don haka duk lokacin da aka buɗe hanya, fita ake yi, babu abin da ke shiga.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniya ɗan ƙasar Norway, Erik Rotheim, ya yi rajistar gwangwanin feshi a ƙarshen shekarun 1920. A 1941 Lyle Goodhue da William Sullivan na ma'aikatar noma ta Amurka suka yi na fesa maganin sauro, wanda sojoji suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1949 Robert Abplanalp ya fito da ƙaramin bawul mai araha da ake matse shi a kan gwangwani, wanda ya sa feshi ya shiga gidaje da shaguna.

Bawul ɗin da aka saba gani yana da ɗan tsinke mai rami a tsakiya, da ƙaramar ƙofa a gefensa, da zoben roba da ke rufe ƙofar, da sifirin da ke tura tsinken sama. Idan aka danna, ƙofar ta sauka ƙasa da robar, sai abin da ke ciki ya samu hanya. Idan aka saki, sifirin da matsin iskar suka mayar da tsinken wurinsa, robar ta sake rufewa. Wato lafiyar gwangwanin gaba ɗaya tana rataye ne a kan wannan ɗan zoben roba.

Akwai kuma ƙirar da ta fi wannan tsaro. A cikinta ana zuba gam ɗin a wata jaka da aka liƙe da bawul, sai a cika kewayenta da iska ko naitirojin. Iskar tana matse jakar daga waje ba tare da ta taɓa gam ɗin ba. Wasu kamfanonin kuma fistin suke sakawa tsakanin iskar da gam ɗin. Da irin wannan ne ake sayar da wasu nau'o'in silikon na makanikai, wanda ke fitowa da dannawa kawai, ba sai an nemi bindigar matsawa ba.

Inda matsalar take

Bawul yana kare abin da ke ƙasansa ne kawai. Abin da ya riga ya wuce shi ya tsaya a cikin tsinke ko bututun baki yana waje, kuma a nan toshewa take farawa. Idan ragowar ta daskare a kan robar, ɗayan biyu ne: ko bawul ɗin ya ƙi dannuwa, ko ya ƙi rufewa sosai iskar ta zurare, gwangwanin ya mutu da kayansa a ciki.

Gwangwanin kumfa ya fi kowanne saurin faɗawa wannan hali. Roba ba ta hana danshi ratsawa ɗari bisa ɗari. Idan aka kwantar da gwangwanin a gefe, ruwan kumfar zai kwanta a jikin bawul, ya haɗu da ɗan danshin da ke ratsowa, ya daskare a wurin tun ba a taɓa buɗe shi ba. Wannan ne dalilin da ake rubuta cewa a ajiye shi a tsaye. Wa'adinsa kuma gajere ne, yawanci wata 12 zuwa 18 daga ranar da aka yi shi, saboda haka ya kamata mai saye ya duba kwanan watan da aka buga a jikinsa ko a gindinsa kafin ya biya.

Yadda ake rufe kowanne bayan aiki

*Gam na fesawa:* a kifa gwangwanin, a danna na 'yan daƙiƙoƙi har sai iska zalla ta riƙa fita. Idan an kifa shi, bututun da ke ciki yana cikin iskar ne, sai ita ta share hanyar. A goge bakin, a mayar da murfi. Wannan dabarar ba ta aiki a kan gwangwani mai jaka a ciki, domin shi ko ta ina aka juya shi gam zai fitar.

*Kumfa mai bututun roba:* ita a kife ake aiki da ita, domin idan aka danna ta a tsaye iskar ce za ta ƙare ta bar ruwan. Da an gama, a cire bututun, a wanke shi da kan bawul ɗin da asiton ko ruwan wanke kumfa tun tana ɗanya. Idan ta daskare asiton ba ya narkar da ita, sai dai kankarewa. Irin wannan gwangwanin an yi shi ne don aiki ɗaya, don haka ya fi kyau a tara ramukan da za a cike a yi su lokaci guda.

*Kumfa mai bindiga:* a nan kuskuren da aka fi yi shi ne cire bindigar bayan aiki. Idan da saura a gwangwanin, a bar bindigar a kansa, a murɗe maɗaurin bayanta har ya rufe, a goge bakin, a ajiye a tsaye. Cikin bindigar cike yake da kumfa mai matsi, babu inda danshi zai shiga, kuma ta haka takan yi makonni ba ta toshe ba. Idan gwangwanin ya ƙare, a ɗaura sabo nan take ko a wanke bindigar da ruwan wankinta.

*Silikon na bindigar matsawa:* wannan ba shi da bawul, don haka sai an yi masa murfi. A saki maɗaurin bindigar don ya daina zuba, a bar ɗan ɗigo ya leƙo daga bakin ya daskare ya zama toshiya, a janye shi ranar da za a sake aiki. Ko kuma a cire bakin, a shimfiɗa leda a kan ramin, a mayar da bakin a ɗaure. Cusa ƙusa kaɗai ba ya rufewa, iska tana bi ta gefenta.

*Supa gulu da gam ɗin waya:* a goge bakin kafin a rufe, a tabbata allurar da ke cikin murfin irin su B-7000 ta shiga ramin. Supa gulu da aka buɗe a saka shi a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ke zuwa a kwalin takalma ko na kayan lantarki. Wanda ba a buɗe ba ana iya ajiye shi a firiji nesa da abinci, amma a bari sanyinsa ya sake kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta taru a ciki.

Zafi da damina

Zafi yana hanzarta lalacewar gam, kuma yana ƙara matsin da ke cikin gwangwani. Ana rubuta wa gwangwanayen feshi gargaɗin kada su wuce digiri 50 a ma'aunin Salshiyos. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma cikin motar da aka rufe a rana ko shagon kwantena yana iya zarce wancan iyakar. Wuri mafi dacewa shi ne ƙasa-ƙasa a cikin inuwa, nesa da janareto da rufin kwano.

Da damina, gam mai jan danshi yana saurin mutuwa bayan an buɗe shi, don haka ƙananan mazubai sun fi riba. Da hunturu kuma iska a bushe take, silikon da kumfa suna jinkirin kamawa. Shi ya sa ake ɗan yayyafa ruwa a ramin kafin a fesa kumfa.

Abin da bai kamata a yi ba

Idan bawul ya toshe, kada a cusa masa ƙusa ko waya da ƙarfi, kada a huda gwangwanin, kada kuma a gasa shi a wuta. Tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta kawo ƙarshen amfani da iskar CFC mai lalata rufin ozon, yawancin gwangwanayen feshi suna ɗauke ne da butan da furofan, dangin gas ɗin girki. Bawul ɗin da aka fasa ba ya sake rufewa, kuma kumfar da ta fantsama a ido ko fata tana da wuyar fita. Sinadarin da ke cikinta yana iya cutar da huhu, har Tarayyar Turai ta wajabta horo ga ma'aikatan da ke aiki da irinsa tun daga watan Agustan 2023. Safar hannu, tabarau na kariya da buɗe taga suna cikin aikin.

Abin da za a iya cirewa a wanke shi ne kan feshin ko bututun roba kawai, a jiƙa su a asiton ko tina bayan an raba su da gwangwanin. Idan toshewar a cikin bawul ɗin take, gwangwanin ya tashi daga aiki. Minti ɗayan da za a ɓata wajen share baki da rufe shi bayan kowane aiki ya fi sayen sabo araha.