MALEJI MAI TAUYE AWO

Kowane ɗan kasuwa ya san mudun da aka buge wa gindi. Ga shi a ido mudu ne, amma awonsa ya ɓaci. To, haka malejin babbar mota yake zama idan aka sāke mata taya ko aksul na baya, ba a koma an daidaita shi ba.

Asalin al'amarin shi ne, maleji ba ya ganin ƙasa. Juyi yake ƙidayawa, ko na sandar da ta fito daga giyabos, ko na ƙafafun motar, sa'an nan ya mai da shi kilomita bisa girman tayar da masu ƙira suka sa tun farko. In an kawo taya mafi tsawo, kowane juyi yana cin ƙasa fiye da dā, shi kuwa maleji yana nan a kan tsohon lissafinsa. Misali, a cire taya mai lamba 265/65R17 daga akori-kura, wadda tsawonta milimita 776 ne, a sa 285/70R17 mai milimita 831: allura tana kan 100, alhali motar tana gudun 107. Haka kuma in maleji daga giyabos yake karatu, sauya aksul yana ɓata shi, wani lokaci fiye da sauyin taya.

Kada mai karatu ya ce abin kaɗan ne. In kuskuren ya kai ɗaya bisa goma, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa da wajen ɗaya bisa biyar, domin shi ba kai da kai yake tafiya da gudu ba. Ga lodin gyaɗa ko shanu a baya, ga gangara, ga direba yana tsammani yana cikin haddi. Banda wannan, tafiyar kilomita 200 sai a rubuta 182, watau mai mota ya yi hasara in da nisa aka yi jinga, juyen baƙin mai kuma ya wuce lokacinsa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu a 2017, amma in na'urar daga tushe ɗaya take karatu da maleji, tare za su ɓata.

Gane gaskiya ba wuya. A sami hanya miƙaƙƙiya mai alamun kilomita, direba ya tsai da allura a kan 60, yaron mota ya riƙe agogo. In daga alama zuwa alama daƙiƙa 60 ce, maleji lafiya lau. In ba haka ba, a raba 3,600 da daƙiƙun da aka samu, abin da ya fita shi ne gudun gaske. 54 tana ba da kusan 67. Wayar hannu mai GPS ma tana yin wannan aiki.

Gyara kuwa iri biyu ne. Tsohuwar mota mai kebul, akwai ɗan ƙaramin giya a inda kebul ɗin ya shiga giyabos. In allura tana rage awo, sai bakanike ya sa mai haƙora kaɗan domin ya fi saurin juyi. In tana ƙari, mai haƙora da yawa. Sabuwar mota mai lantarki, sai a shigar wa kwamfutarta girman sabuwar taya, ko a haɗa ɗan akwatin da ke daidaita ƙidayar. In an gama, a koma hanya a sāke gwadawa, a ƙaramin gudu da babba.

Saboda haka wanda ya biya kuɗin taya da aksul, ya cika ladansa da kuɗin daidaita maleji, gama shi ne mafi araha cikin aikin duka. Allah ya kiyaye hanya, amin.