Zambo da zane a rikicin Dreyfus: Psst...! da Le Sifflet (1898-1899)

Masu nazarin jaridun Faransa sukan ɗauka cewa zambon siyasa gadon ɓangaren hagu ne, wataƙila don sun saba da Le Canard enchaîné, wadda aka kafa a 1915. A wannan maƙala za mu duba wani lokaci da ɓangarorin biyu suka riƙi makami iri ɗaya, domin mu ga inda suka rabu.

A Disamba 1894 kotun soja ta sami kaftin Alfred Dreyfus, hafsa Bayahude, da laifin miƙa wa Jamus asirin soja, alhali takardar da aka kafa hujja da ita wani hafsa ne, Esterhazy, ya rubuta ta. Ranar 13 ga Janairu 1898 marubuci Emile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar L'Aurore yana tuhumar manyan hafsoshi da rufa-rufa. Ƙasa ta rabu biyu. Wata guda bayan haka Caran d'Ache ya nuna wannan rabuwa a Le Figaro da zane mai hawa biyu: a sama iyali ne zaune kan teburin abinci, an yi alkawarin ba za a taɓo maganar ba, a ƙasa kuwa an taɓo ta, kowa ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa.

A Fabrairu 1898 ne shi Caran d'Ache da Jean-Louis Forain suka kafa Psst...!, jaridar mako-mako ta zane zalla, don kare martabar soja. Ba a cika mako biyu ba Henri-Gabriel Ibels ya fito da Le Sifflet, wato usur, don mayar da martani. Dokar ƴancin jarida ta 29 ga Yuli 1881 ta ba kowa fili.

Abin lura shi ne yadda suka riƙa aron siffa daga juna. Forain ya zana alƙali yana shurin hular janar, ma'ana fararen hula sun wulaƙanta soja. Ibels ya juya hoton: hafsa ne ke shurin ma'aunin shari'a. A nan dabara ɗaya ce, kuma a gaskiya hannun Forain ya fi na abokin hamayyarsa ƙwarewa, ko da mutum bai so hakan ba.

Bambancin yana ga wanda ake yi wa dariya. Le Sifflet ta fi auna muƙami da aiki: hafsan da ya ƙirƙiri takarda, kotun da ta wanke Esterhazy. Psst...! kuwa sau da yawa asali take auna. A wani zanen Forain, sojan Jamus ne ke ɗaura wa wani Bayahude fuskar Zola, wato marubucin rufi ne kawai, Bayahude da baƙon ƙasa ke magana a bayansa. Wanda aka zarga da aiki yana iya kawo hujja ya wanke kansa. Wanda aka zarga da haihuwarsa ba shi da abin cewa. Mawaƙanmu ma sun san zambon da ke taɓa hali daban yake da wanda ke tono asali.

Sai dai kada a ɗauka hagu ta tsaya da Dreyfus tun farko. A Janairu 1898 ƴan majalisa masu ra'ayin gurguzu sun fitar da sanarwa cewa rikicin na masu dukiya ne, talaka ya ja gefe. Jean Jaurès kansa ya sa hannu, kafin daga baya a shekarar ya zama babban mai kare Dreyfus. Don haka sunayen hagu da dama, a wannan fage, rikicin ne ya daidaita su.

Jaridun biyu sun daina fitowa a 1899, shekarar da aka sake shari'ar a Rennes, aka sake samun Dreyfus da laifi, sannan shugaban ƙasa ya yi masa afuwa. Sai a 1906 kotun ƙoli ta wanke shi.