Abubuwan da ya kamata ka sani kan ɗaukar bidiyo da tura shi a Salaga, Yendi da Bawku

A zangunan arewacin Ghana, da wuya a watse daga suna, ɗaurin aure ko walimar saukar Alƙur'ani ba a ɗauka a waya ba. Dangi sun warwatsu, wasu na Kumasi, wasu na Nima a Accra, wasu Kano ko Jidda, kowa na jiran a turo masa. A zamanin fataken goro, labarin Salaga kan yi watanni a bakin ayari kafin ya isa Kano. Yau minti ɗaya ya ishe shi, sai dai sau da yawa yakan isa dishi-dishi, murya a shaƙe, mai waya kuma ya ɗora wa wayarsa laifi. Mafi yawan ɓarnar ba daga wayar take ba. Wajen ɗauka ake yin ta, ko wajen turawa, kuma abin da ya lalace a wuraren nan biyu tacewa ba ta cika gyara shi ba.

Sauti ne ke fara lalacewa

Duk wanda ya ɗauki bikin Damba a ƙofar fadar Gbewaa ta Ya-Na a Yendi ya san matsalar. Gangunan makaɗan Dagomba ga su, bindigogin gargajiya na tashi, ga lasifika. Makirufon waya ɗan mitsitsi ne, idan ƙara ta fi ƙarfinsa sai ya murƙushe ta, ka dawo gida da ƙuwwa kawai. Da wuya manhaja ta dawo da sautin da ya fashe yadda yake.

Kada ka tsaya a gaban lasifika, koma gefenta. Idan jawabi ko wa'azi kake ɗauka, maƙala wa mai magana ƙaramin makirufo na wuyan riga. In babu, ajiye waya ta biyu kusa da shi tana naɗar murya kaɗai, ka tafa hannu sau ɗaya da farawa, da wannan tafin za ka daidaita murya da hoto daga baya. Lokacin hunturu kuwa, ɗan soso a bakin makirufo yana rage hucin iska. Mutane kan yi haƙuri da hoto mai duhu, amma ba sa zama su saurari abin da ba sa ji.

Me ya sa hoton dare ke ƙyafta ido?

Wutar lantarkin Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Yawancin wayoyi na zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da wutar Amurka. Shi ya sa a ƙarƙashin wasu fitilu, musamman masu araha, za ka ga layuka na ratsa bidiyon Mauludi ko na bikin dare. Shiga saitin kyamara ka mayar da shi 25 ko 50, ko ka zaɓi 50 a wajen hana ƙyaftawa idan wayarka na da shi.

Hazo a hoto kuma sau da yawa ƙurar hunturu ce da maiƙon yatsa a kan gilashin kyamara. Goge shi da ƙyalle mai laushi. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Bawku kan haura digiri 40, waya na iya katse ɗauka da kanta. Cire mata riga, kada ka ɗauka tana caji, ka sauko daga 4K zuwa 1080.

Katin memori

Kati na bogi ya cika kasuwa: a rubuce gigabait 64, a ciki bai kai haka ba. Yana nuna ya karɓa, ranar buɗewa a tarar da fayil babu komai. Kafin ka kai sabon kati wajen biki, cika shi da bidiyo ka buɗe na farko da na ƙarshe. Idan kuma kati ya ƙi buɗewa kwamfuta ta ce a goge shi, kada ka yarda, kada ka ƙara ɗaukar komai a kansa, ana iya ceto abin da ke ciki. Mai tacewa a kwamfutar tebur ya riƙa adana aikinsa a kai a kai, domin wutar kamfanin NEDCo ba kullum take sallama kafin ta ɗauke ba.

Wajen tacewa

Idan baki ya riga murya ko murya ta riga baki, yawanci dalilin shi ne waya ba ta ɗaukar hoto da sauri iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wasu manhajojin kwamfuta kuwa suna rikicewa da haka. HandBrake, wadda kyauta ce, tana mayar da bidiyon kan sauri tsayayye kafin a fara tacewa. Bidiyon iPhone da ya ƙi buɗewa a tsohuwar Itel ko Tecno tsarin HEVC ne ya hana shi, a fitar da shi a H.264, kusan kowace waya za ta karɓa.

A hotuna, abin da ya fi damuna shi ne hasken da ake zuba wa fata. Amarya baƙa kyakkyawa sai a mayar da ita kalar alli, har gwaggonta ta kasa gane ta. Ƙara haske a inuwa ya wadatar. Mai haɗa fosta kuma ya ja hoto ta kusurwa, jan sa ta gefe ne ke faɗaɗa fuskar malami. Kuma a yi aiki a kan kwafi, a bar na asali yadda yake.

Turawa

Nan ne aka fi asara. WhatsApp na matse bidiyo da hoto domin su yi sauƙin tafiya. Wani ya sauke, ya sa a Facebook, wani ya naɗo daga fuskar waya ya sake turawa, kowane zango hoton na raguwa, kamar shayin da ake ta ƙara wa ruwa. Tun 2023 akwai zaɓin HD, amma wanda ke son abu ya isa yadda yake, ya tura shi a matsayin fayil, hanyar da ke ɗaukar har gigabait 2. Sai dai data za ta ci: minti ɗaya na 1080 kan kai megabait 100 ko fiye. Don kallon dangi a waya, 720 ya isa.

Idan lodi ya tsaya, gwada wani layin, ko MTN, ko Telecel da a da ake kira Vodafone, ko AT, ko ka jira tsakar dare. A ƙauyukan bakin iyaka kamar Kulungugu, waya na iya kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta, gara ka zaɓi kamfaninka da hannu. Wani lokacin ma matsalar ta fi ƙarfin kowa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Ghana da maƙwabtanta suka kwana cikin wahalar sabis.

Bidiyon biki da Facebook ko YouTube suka kashe wa sauti kuwa, waƙar wani ce ke tashi a ciki, na'urarsu ta gane ta.

Abin da bai kamata a tura ba

A Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa aka sha kafa dokar hana fita, bidiyo ba abin wasa ba ne. Tsohon hoto, ko na wata ƙasa, idan aka liƙa masa sunan unguwa, yana iya tayar da hankalin gari kafin magariba. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo maka wa ya ɗauka, yaushe, a ina. Google Lens kan nuna inda hoto ya taɓa fitowa, masu tantance labarai irin su GhanaFact da Dubawa kuma aikinsu ke nan.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar sadarwa ta 2008 ta tanadi hukunci kan yaɗa saƙon ƙarya da ka iya jefa rayuka cikin haɗari, dokar tsaron intanet ta 2020 kuma ta sa ɗauri kan yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Idan ba ka san asalin bidiyo ba, bar shi ya tsaya a wayarka.