Ɗaukar Hotunan Jami'o'i da Ƙananan Garuruwa Domin Wallafawa a Intanet: Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Tun da wayoyin hannu masu kyamara suka yawaita, an samu matasa a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar waɗanda suka mayar da ɗaukar hotunan harabobin jami'o'i da na ƙananan garuruwa abin sha'awarsu, har wasunsu kan buɗe shafin intanet na ƙashin kansu, wato adireshin da mutum ke biya wa kuɗin haya duk shekara, su jera hotunan domin duk mai so ya leƙa. Wannan aiki yana da amfanin da bai kamata a raina ba, domin gine-ginen ƙasa ba sa jiran kowa. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa ta Kano a 2010 saboda faɗaɗa hanya, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta a watan Agustan 2023, sannan ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram a watan Satumban 2024. Waɗannan wurare ne sanannu da aka daɗe ana ɗaukar hotonsu, amma zauren dagaci ko tsohuwar marina a wani ƙaramin gari, idan ta faɗi, sau da yawa ba a samun ko hoto ɗaya da zai nuna yadda take.

Sai dai mai ɗaukar hoto yakan shiga matsala, ko ya jefa wani a cikinta, idan ya haɗa abubuwa uku da suka bambanta ya ɗauke su abu guda: izinin shiga wuri, izinin ɗaukar hotonsa, da izinin wallafa hoton. Maigadin da ya buɗe wa mutum ƙofa bai ba shi damar ɗora kyamara a kan duk abin da ya gani ba, haka kuma dattijon da ya yarda aka ɗauke shi a bakin rumfarsa, a zatonsa hoton zai tsaya ne a cikin wayar baƙonsa, bai san cewa fuskarsa za ta iya kaiwa ga mutanen da bai taɓa jin sunan ƙasarsu ba.

Jami'a, ko da ta gwamnati ce, wuri ne mai shinge da hukumar da ke iko da shi, kuma hukumar tana da damar gindaya sharaɗi ga baƙo. Wanda ke son ɗaukar hoton dogon ginin majalisar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka buɗe a 1962, ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ko gine-ginen tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rubuta takarda zuwa ofishin hulɗa da jama'a ko ofishin tsaro na jami'ar, ya faɗi sunansa da manufarsa da ranar da zai zo da wuraren da yake so, sannan ya riƙe amsar a aljihunsa. Ɗalibin jami'ar ma da ke da katin shaida zai amfana da yin haka idan abin da zai ɗauka ya wuce hotonsa da abokansa. Zargin da jami'an tsaro ke yi wa mai kyamara yana da tushe, domin an kai hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2012, an sace ɗalibai daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da Jami'ar Greenfield a Jihar Kaduna a 2021, an kuma kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu na wajen makaranta a watan Satumban 2023. Saboda haka hoton da ke nuna inda katanga ta karye, ko hanyar bayan ɗakunan kwanan ɗalibai mata, ko yawan masu gadi a wata ƙofa, bai dace ya hau shafin kowa ba, komai kyan hasken da aka ɗauke shi a ciki.

Akwai kuma wuraren da doka da kanta ta kare. Dokar Sirrin Gwamnati ta Nijeriya ta 1962 ta mayar da ɗaukar hoto ko zanen wurin tsaro da aka keɓe laifi idan an yi shi da manufar da za ta cutar da tsaron ƙasa, kuma ko da mutum ba shi da wata muguwar manufa, sai bayan an tsare shi an karɓe wayarsa ne zai samu damar yin bayani. A gari irin Zariya, inda makarantu ke kusa da barikin horar da kuratan soja da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, abu ne mai sauƙi ƙofar bariki ko shingen bincike ya faɗo a gefen hoto ba tare da mai ɗauka ya lura ba. Shi kuwa jirgi marar matuƙi, wato ƙaramar na'urar nan mai tashi da kyamara wadda ake sarrafawa daga ƙasa, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar da cewa ba a tashinsa sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

A ƙaramin gari ba a cika samun ofishin da za a kai wa takarda ba, amma akwai tsarin da ya girmi takarda. Baƙo yakan fara ne da gaishe da mai unguwa ko dagaci, ko hakimi idan garin hedikwatar gunduma ce, ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma galibi akan haɗa shi da wani ɗan gari da zai zagaya da shi. Idan kasuwa ce a nemi sarkin kasuwa, idan masallaci ne a nemi liman ko ladan, idan kuma wurin tarihi ne da ke da masu kula da shi, kamar rijiyar Kusugu a Daura ko Gidan Tarihi na Kanta a Argungu ko zanen duwatsu na Birnin Kudu, a tambaye su ƙa'idarsu. Wannan mataki ya wuce ladabi kawai a yankunan da 'yan bindiga suka addaba a jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda mutane ke cikin fargabar masu kai rahoto ga ɓarayin daji, waɗanda ake kira infoma. Baƙuwar fuska da ke zagaya gari tana ɗaukar hoton hanyoyi da gidajen masu hali na iya faɗawa hannun 'yan sa-kai ko fusatattun matasa kafin wani ya tsaya sauraron bayaninta, kuma ɗan rakiya daga gidan dagaci shi ne kariyar da ta fi kowace takarda.

Tsarin gidan Bahaushe ya ƙara wani nauyi da baƙin masu ɗaukar hoto ba su cika lura da shi ba. An gina shi ne domin ido ya tsaya a zaure, tsakar gida kuwa a buɗe take ta sama, a nan mata ke daka da girki da wanki, kuma a gidaje da yawa makewayi ba shi da rufi. Don haka hoton gari da aka ɗauka daga kan dutse ko bene ko hasumiya, balle daga jirgi marar matuƙi, yana tsallake katangar da mai gida ya gina domin sutura, kuma wayoyin yanzu suna ba mai kallo damar jawo hoton har a gane fuska. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin kansu da na gidajensu. Batun yara ya fi wannan tsanani, musamman almajirai, waɗanda suka zama abin ɗauka mafi arha ga duk mai neman hoton da zai motsa zuciya, alhali yaron da ya yi murmushi ya miƙa hannu bai san inda hotonsa zai ƙare ba, iyayensa kuma suna wani gari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hoton waya yana ɗauke da rubutaccen bayani da ido ba ya gani, wanda ake kira EXIF, wato wani tsari da masana'antun kyamara na Japan suka fito da shi a 1995. A cikinsa akwai rana da lokacin ɗauka da samfurin wayar, kuma idan an bar na'urar nuna wuri ta GPS a kunne, har da lambobin da ke nuna daidai inda mai ɗauka ya tsaya. Facebook da Instagram sukan cire wannan bayani daga kwafin da jama'a ke gani, amma shafin da mutum ya gina da kansa yakan ajiye hoton yadda aka ɗora shi, ta yadda duk wanda ya sauke shi zai iya karanta wurin. Ta haka ne aka gano cewa John McAfee, attajirin manhajar kwamfuta da 'yan sandan Belize ke nema, yana Guatemala a watan Disamban 2012, bayan mujallar Vice ta wallafa hotonsa da lambobin wurin a ciki. Maganin abin ba shi da wuya: a hana kyamarar wayar amfani da wuri tun daga saitinta, ko a goge bayanin kafin ɗorawa, kuma a jinkirta wallafa hotunan tafiya sai an baro garin.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta samu Dokar Kare Bayanan Mutane a watan Yunin 2023, kuma hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanan da take nufi. Dokar ta sassauta wa abin da mutum ya yi domin amfanin kansa ko na gidansa, muddin bai keta sirrin wani ba, ta kuma yi rangwame ga aikin jarida da na ilimi da na fasaha idan akwai maslahar jama'a, amma inda ake buƙatar yardar wanda bai kai shekara 18 ba, ta ce daga iyaye ko waliyyi za a nema. Abin da ya fi aminci shi ne a gaya wa mutum a fili cewa hotonsa zai hau intanet, a nuna masa shi, a kuma sanya a shafin hanyar da wanda ya canza ra'ayi zai nemi a cire.

Shi ma mai ɗaukar hoton yana da haƙƙi. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, hoto mallakar wanda ya ɗauka ne ba tare da sai ya yi rajista ba, kuma kariyar tana kai shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Wannan ya sa kwaso hoton wani daga intanet ba tare da izininsa ba a cike giɓin shafi da shi keta haƙƙi ne, ko da an rubuta sunansa a ƙasa. Domin rage satar nasa aikin, mai shafi zai iya ɗora ƙananan kwafi masu ɗauke da sunansa, ya adana na asali a wurinsa a matsayin hujja.

Hoton da ba a rubuta sunan wurinsa da shekararsa ba yana rasa rabin amfaninsa ga mai bincike, saboda haka ya kamata kowane hoto ya zo da sunan gari da unguwa da sunan ginin kamar yadda mutanen wurin ke kiransa, ban da gidajen mutane, waɗanda sunan gari kaɗai ya ishe su. Shafin intanet kuma ba wurin ajiya na dindindin ba ne, domin yakan ɓace da zarar an daina biyan kuɗin adireshinsa, kuma ko manyan kamfanoni sukan rufe nasu, kamar yadda Yahoo ta rufe GeoCities a 2009 tare da ɗimbin shafukan mutane da ke cikinta. Wanda ya tara hotuna masu daraja zai iya ajiye kwafinsu a ma'ajiyoyi biyu da ba a ɗaki ɗaya suke ba, ya wanke zaɓaɓɓu a takarda ya kai wa fadar garin da ya ɗauka, ya kuma tuntuɓi cibiyoyin adana tarihi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na jami'ar da abin ya shafa, ya ji sharuɗɗansu na karɓar irin wannan ajiya.