Dankali da Komawar Manoman Daura ga Takin Gida

Da bazara, duk hanyar da ka bi a ƙasar Daura, ko ta Sandamu ko ta Zango, sai ka yi ta cin karo da amalanken shanu shaƙe da taki an nufi gona. Tsadar takin zamani ce ta jawo haka. A 2017, ƙarƙashin shirin taki na gwamnatin Buhari, ana sayar da buhun NPK naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da cire tallafin mai a 2023 suka ninka kuɗin sau da yawa. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Sai dai a wajen dankali, uwar ɗakin nan ta yi rana. Ƙasar Daura jigawa ce, ruwa na sauka ya zarce, ya tafi da takin buhu. Kashin awaki da na shanu kuwa yakan zauna cikin kunya, ya riƙe laima, ya bar ƙasa sakwa-sakwa yadda dankali zai yi girma. Shi kuma ba mai son yuriya da yawa ba ne: ka cika masa, sai ya yi ta yaɗo, ganye kore shar, ranar tono ka tarar da 'yan siraran saiwoyi. Masu haɗa takin da tokar murhu sun fi kowa dacewa. Amma sai takin da ya ruɓe. Ɗanye yana ƙona shuka, ya kawo ciyawa, ga gwazarma da ke ɓarnata saiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne taki ya zama haja. A da makiyayi ne ke sauka a gona bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, a sallame shi da hatsi. Yanzu karan ma kwashewa ake yi a sayar. Har sharar kasuwar dabbobi irin ta Mai'aduwa tana da masu so. Mai turke a gida ya huta, domin ganyen dankalinsa awaki za su ci, su mayar masa da taki. Wanda ba shi da ko akuya kuwa, sai ya sayi mangala ya biya kuɗin ɗauka, ko ya koma juji, inda rabin abin da zai kwaso leda ce.