Gwanayen kokawa masu rufe fuska da suka yaƙi dodanni a fim

A gidajen kallo na Tudun Wada da ke Zariya, idan babu wasan ƙwallon ƙafa na Turai, sau da yawa kokawar zamani ce ke cike gurbin, kuma da wuya a sami matashin da bai san Rey Mysterio ba, wato ɗan ƙaramin ɗan kokawar nan da ke shiga fage fuskarsa a rufe.

Iyayen waɗannan matasa ma suna da nasu gwanin. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da gidajen talabijin na Najeriya ke nuna kokawar ƙasashen waje, kuma zakaran Najeriya Power Mike ya koma shirya wasanni bayan ya yi ritaya a 1976, sunan Mil Mascaras ya shiga bakin yara da manya. Ma'anar sunan da Sifaniyanci ita ce hulunan rufe fuska dubu.

To sai dai a ƙasarsu ta Meksiko, aikin irin waɗannan 'yan kokawa bai tsaya ga kayar da abokin karawa ba. Sama da shekaru 20 suka shafe suna fitowa a fina-finai inda suke dambatawa da mayu, da busassun gawarwaki, da baƙi daga wasu duniyoyi. Shi kansa Mil Mascaras wani mai shirya fina-finai ne, Luis Enrique Vergara, ya ɗauko shi a tsakiyar shekarun 1960 domin ya zama tauraron irin waɗannan fina-finai.

An yi su ne domin su ba da tsoro. A yau dariya suke ba wa yawancin masu kallo, amma kuma kasuwarsu ba ta mutu ba.

Waliyyin fage

An kafa kamfanin kokawa mafi daɗewa a Meksiko ne a 1933, a ƙarƙashin Salvador Lutteroth. Ba a jima ba hular rufe fuska ta zama alamar wasan a ƙasar. Ɗan kokawa kan ɓoye sunansa na yanka da kamanninsa, kuma babbar karawa ita ce wadda mutum biyu za su sa hulunansu a caca: wanda aka kayar zai tuɓe a gaban jama'a, ya faɗi sunansa da garinsu, kuma ba zai sake sanya wannan hula ba.

Babu wanda ya kai Rodolfo Guzmán Huerta cin moriyar wannan al'ada. An haife shi a garin Tulancingo a 1917, ya kuma fara fitowa da sunan El Santo, wato Waliyyi, a 1942, sanye da hula mai launin azurfa. A 1952 ya kayar da Black Shadow ya raba shi da hularsa, abin da ya haddasa doguwar gaba tsakaninsa da abokin Black Shadow ɗin, wato Blue Demon. Har ya bar fage a 1982 babu wanda ya tuɓe masa tasa.

A shekarar ta 1952 ne kuma mai zane José G. Cruz ya fara buga labaran Santo cikin hotuna, inda yake yaƙar miyagu da matsafa. Kafin ya shiga fim, yaran Meksiko sun riga sun ɗauke shi a matsayin wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Da farko dai ya ƙi yarda da harkar fim. Sai a 1958 ya amince, aka ɗauki fina-finansa biyu na farko a Kyuba, dab da lokacin da dakarun Fidel Castro suka shiga birnin Havana. Daga nan zuwa 1982 ya fito a fina-finai fiye da 50.

Akwai wani dalili da ya taimaka wa kasuwar. A tsakiyar shekarun 1950 hukumomi sun hana nuna kokawa a talabijin a babban birnin ƙasar, bisa hujjar kare yara, kuma hanin ya kai har farkon shekarun 1990. Don haka wanda ba zai iya zuwa filin wasa ba, sai a silima zai ga gwaninsa. Shi ya sa a tsakiyar labari, ana cikin neman yarinyar da mayu suka sace, sai a tsaya cik a nuna kokawa zagaye uku, sannan a koma neman yarinyar.

Jemage a jikin zare

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na 1962, Santo contra las mujeres vampiro, wato karawar Santo da mayun mata masu shan jini, wanda Alfonso Corona Blake ya ba da umarni.

Labarin ba shi da wuyar bi. Wasu mayu sun farka a wani tsohon gida bayan shekaru 200, suna neman Diana, 'yar wani farfesa, domin ta gaji sarauniyarsu. Farfesan ya rasa yadda zai yi, sai ya kira Santo ta wata na'ura mai nuna hoton wanda ake magana da shi. Santo ya taho cikin buɗaɗɗiyar mota, babu riga a jikinsa, sai alkyabba mai ƙyalli da hular azurfa, kuma babu wanda ya yi mamakin ganinsa haka, har 'yan sanda.

A wani wuri, ɗaya daga cikin bayin mayun ya kashe abokin karawar Santo ya sanya hularsa ya shiga fage. Da Santo ya tuɓe masa hular, sai ga fuskar dabba mai gashi da fiƙa. 'Yan kallo suka watse, shi kuma ya rikiɗa jemage ya tashi. Jemagen na roba ne, kuma mai lura zai ga yana lilo kamar abin da aka rataya. A ƙarshe Santo ya bi akwatunan gawar mayun ɗaya bayan ɗaya yana cinna musu wuta.

Wannan ma yana cikin waɗanda aka kashe wa kuɗi. Da aka shiga shekarun 1970, aka koma fim mai launi, sai rashin kuɗin ya ƙara fitowa fili. A fim ɗin 1970 da Santo da Blue Demon suka haɗu suka yaƙi dodanni, an tara maye, da gawa mai naɗe da tsumma, da mutum mai rikiɗa dabba, da dodo mai ido ɗaya, da kuma dodon Frankenstein, wanda aka yi masa gashin baki har aka ba shi tuƙin mota. Ana iya fara faɗa da dare a ƙarasa shi da rana tsaka. Muryar da ake ji daga bakin Santo ma, a yawancin fina-finan, ta wani ce aka ɗora.

'Yan Meksiko kan kira irin wannan fim churro, sunan wani soyayyen abin ƙwalama da ake murzawa a jefa a mai a kwashe nan take. A Zariya da sai a ce ƙosai.

Duk da haka sun kawo kuɗi. Las momias de Guanajuato, wanda ya fita a 1972, na cikin waɗanda suka fi samun kasuwa. An gina shi ne a kan wani abu na gaskiya: a garin Guanajuato akwai gawarwakin da suka bushe ba su ruɓe ba, waɗanda aka riƙa tonowa tun ƙarni na 19 idan dangi suka kasa biyan harajin kabari, kuma har yanzu suna gidan tarihi ana zuwa kallonsu. A fim ɗin, gawarwakin sun tashi sun addabi gari, Blue Demon da Mil Mascaras suka yi ta fama da su tun daga farko, sai a mintocin ƙarshe Santo ya iso da bindigogi masu feshin wuta, aka gama da su. An daɗe ana cewa wannan rabo bai yi wa sauran biyun daɗi ba.

Wa ke yi wa wa dariya?

A Amurka, wani ɗan kasuwar fim mai suna K. Gordon Murray ya sayi kaɗan daga ciki ya mayar da su Turanci, ya sauya wa Santo suna zuwa Samson. A 1995 wani shirin barkwanci na talabijin, Mystery Science Theater 3000, ya nuna fim ɗin mayun mata tun daga farko har ƙarshe ana yi masa shaguɓe. A Turkiyya kuwa ba a tsaya neman izini ba: a 1973 aka yi fim mai suna 3 Dev Adam, aka sanya wa wani ɗan wasa hular azurfa aka ce shi ne Santo, yana farautar miyagu a Santambul.

Masu sharhi na Amurka suna da kalmar da suke kiran irin wannan sha'awa, wato camp. Marubuciya Susan Sontag, wadda ta yi fitaccen rubutu a kan kalmar a 1964, ta nuna cewa wanda ya fi armashi shi ne abin da mai shi ya yi da zuciya ɗaya, da niyyar ya burge, ya zuba ado har ya wuce gona da iri, sai kuma ya kasa kai inda ya nufa. Idan da gangan aka yi shi don a ba da dariya, armashin ya ragu.

A nan ne sirrin fina-finan Santo yake. Babu inda ya taɓa kashe wa mai kallo ido don nuna cewa shi ma ya san wasa ne. Yana shaƙe dodon roba da irin natsuwar da yake shaƙe mutum a fage. Kuma hular ba kayan fim ba ce da ake ajiyewa idan an tashi aiki: da ita yake zuwa taro, da ita yake hira da 'yan jarida, har yana da wata ta daban mai buɗaɗɗen haɓa domin cin abinci a bainar jama'a.

Sai dai akwai abin da masu dariyar daga nesa kan manta. Waɗanda suka cika silimomin unguwannin talakawa na Meksiko ba makafi ba ne. Su ma sun ga zaren da ke riƙe da jemagen. Abin da suka biya kuɗi su gani shi ne mutumin da suka sani a zahiri, wanda ya taso cikin talauci kamarsu, yana tsaya wa mai rauni a ƙasar da ba kowa ne ya amince da ɗan sanda ko alƙali ba. 'Yan boko da masu sharhin jaridu na lokacin ne suka fi raina fina-finan.

Ba baƙon abu ba ne a Zazzau

Mai karatun Hausa ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane jarumin da ke kokawa da abin da ba mutum ba. A Zariya aka shirya gasar rubutu ta 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya fara da yaƙar Turawa ya ƙare a duniyar aljanu. Bayansa aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945 a gefen Tudun Wada, na cikin wuraren da irin waɗannan littattafai suka riƙa fitowa zuwa makarantun Arewa.

Haka ma a fagen dambe da kokawar gargajiya. Ɗan wasa yakan shigo da layu da guraye, makaɗi yana zuga shi da kirarin da ke fitar da shi daga sahun mutane. Duk wanda ya saurari yadda Ɗan Anace ya wasa Shago ya san cewa tsakanin ɗan damben da ke cin tuwo a gida da wanda ke cikin waƙa akwai tazara, kuma 'yan kallo suna riƙe da duka biyun ba tare da sun ruɗe ba.

Fina-finan Hausa na kaset, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, su ma sun bi ta wannan hanya. An ga aljanin da aka yi wa kwalliya da gawayi da farar hoda, da bokan da ke ɓacewa bayan an kashe na'urar ɗaukar hoto an sake kunnawa, itacen da ke bayansa ya ɗan gusa. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya mayar da wannan ƙarancin kayan aiki jari, ko da yake shi da gangan yake neman dariya, saɓanin Santo. Kuma kamar a Meksiko, waɗanda suka fi ɗaga wa fina-finan hanci su ne masu ilmin zamani, ciki har da wasu da ke kallonsu a ɓoye.

Bambancin yana wajen abin da ya biyo baya. A ƙarshen watan Janairun 1984, a wani shirin talabijin mai suna Contrapunto, Santo ya ɗaga hularsa na ɗan lokaci ya nuna wani ɓangare na fuskarsa, ba tare da ya sanar da kowa zai yi hakan ba. Ranar 5 ga Fabrairu ya rasu sakamakon bugun zuciya. Dubban mutane ne suka halarci jana'izarsa, aka binne shi da hular azurfar. Blue Demon ma da ya rasu a 2000 da tasa shuɗiyar aka binne shi.

Tun daga lokacin, fitattun marubuta irin su Carlos Monsiváis sun yi nazari a kan Santo, an gina masa mutum-mutumi da gidan tarihi a garinsu, an gyara da dama daga cikin fina-finansa an sake fitar da su, sannan a 2018 hukumomin babban birnin ƙasar suka ayyana kokawar a matsayin al'adar da ta cancanci kariya.

A Arewacin Najeriya kuwa, yawancin fina-finan shekarun 1990 a kaset aka sayar da su, kuma kaset ba ya jure zafi da ƙura da damina. Shagunan haya da suka taɓa cika unguwanni irin su Tudun Wada sun koma sayar da kayan waya ko tura fim a waya. Ko Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 da tallafin gwamnati daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim a Legas. A Jamus aka gyara shi, kuma a bikin fina-finai na birnin Berlin aka sake nuna shi a 2018.