Etil Asitet: Ruwan da Ke Narkar da Fenti da Gam

Etil asitet ruwa ne garai-garai, marar launi, mai ƙamshi irin na 'ya'yan itace da suka nuna. Yana cikin dangin sinadaran da ake kira esta, waɗanda ake samu idan aka haɗa barasa da asid. Shi wannan, daga etanol da asid ɗin da ke ba ruwan khal tsaminsa ake yin sa. Wani Bafaranshe, Lauraguais, shi ya fara haɗa shi a shekarar 1759.

Ya fi ruwa rashin nauyi, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke garwaya da ruwa. Yana tafasa a digiri 77 na ma'aunin Salsiyas, shi ya sa yake saurin bin iska. Nan amfaninsa yake: yana narkar da maiƙo da wasu nau'o'in ƙaro da roba, sannan ya gushe ya bar su a bushe.

Saboda haka ake sa shi cikin tina, fenti, gam, tawadar buga leda da turare. Kafintan Birnin Ƙonni da ya fesa wa gadon amarya fenti, ya ga ya sha iska kafin ya wanke hannu, aikin irin wannan sinadari ya gani. Haka mai gyaran takalma a Malbaza ko Illela, da ke shafa gam a tafin takalmi ya ɗan jira ya yi danƙo kafin ya manna. Yana kuma cikin wasu nau'o'in ruwan goge jan farce. Manyan masana'antu na cire kafeyin daga kofi da shayi da shi, masu bincike a jami'o'in Yamai da Sakkwato kuma suna tatso sinadaran magani daga ganyaye da saiwoyi da shi.

Sai dai saurin bin iskar nan shi ne haɗarinsa. Tururinsa na kama wuta ko da sanyin hunturu, balle a bazarar jihar Tawa da zafi ke haura digiri 40. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa ya malala har ya tarar da garwashin mai shayi. Yawan shaƙarsa na kawo ciwon kai, jiri da zafin ido. Wajibi ne a rufe gwangwaninsa da kyau, a ajiye a inuwa nesa da wuta da taba, a kuma yi aiki da shi inda iska ke ratsawa.